Wane littafi zan nema don kallon tagwayen taurari da ƙaramin teleskop?

Ɗan Zango

Salamu alaikum ƴan uwa, da fatan an wuni lahiya. Tambaya gare ni ga masu sanin harkar sama. Yayana ne da ya dawo daga tahiya ya kawo min ɗan teleskop irin dogon nan mai ƙafa uku, a jikinsa an rubuta D=70mm F=700mm, da idanu uku da ake sawa ta baya, 20mm da 10mm da wani ɗan mitsitsi 4mm. Wata biyu kenan kusan kullum ina bisa soron gidanmu da shi, na ga ramukan wata, na ga Mushtari da ƴan ɗigo huɗu a jere gefensa. To shekaranjiya an ɗauke kuran unguwa ta yi duhu ɗif, bayan isha'i na juya shi wajen yamma sama sama ina ta lalube haka nan, sai na faɗa kan wani tauraro da ya rabu biyu, babban ruwan zinariya ƙaramin shuɗi shar manne kusa da shi. Wallahi sai da gabana ya faɗi na zaci gilashin ne ya tsage, na goge na sake dubawa, sauran taurarin duk ɗai ɗai suke shi kaɗai ne biyu. Na kira innarmu ta hau ta duba ta ce kamar ɗan kunnen amarya.

Wani abokina ya ce tagwayen taurari ake ce musu kuma suna da yawa. Jiya na koma nemansa har sha biyun dare ban gan shi ba, abin ya dame ni ƙwarai. Shi ne nake tambaya ko akwai littafin da zai nuna min inda suke ɗaya bayan ɗaya, da sunansu da lokacin da suke hitowa? Faransanci na fi ji, ingilishi kaɗan kaɗan. Kuma wannan ɗan nawa ya isa ko sai na nemi babba?

Mushe Fizik

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da wannan gani. Ko tantama babu Albireo ka gani, a rukunin da faransawa ke kira Cygne. Yadda za ka sake samunsa: bayan isha'i a wannan lokaci na kaka akwai manyan taurari uku da suka yi kusurwa uku a sama ta yamma, Vega da Altair da Deneb. Ja layi da ido daga Vega zuwa Altair, wajen tsakiya ɗan gefe ta ɓangaren Deneb za ka ga wani matsakaici shi kaɗai, shi ne. Sa ido na 20mm tukuna don ya fi faɗin fili.

Maganar littafi kuwa, bari in faɗa maka waɗanda na riƙe da hannuna. Wanda aka rubuta takanas don irinka shi ne Double Stars for Small Telescopes na wata mata Sissy Haas, ya hito 2006, tagwaye sama da 2100 ne a ciki an jera su rukuni rukuni. Kar ingilishin ya tsorata ka don kusan duka littafin tebur ne na lambobi, rubutun ɗan gajere ne a gefe inda masu kallo ke faɗin launin da suka gani. Illarsa biyu, samunsa na da wuya yanzu, kuma ba zai kama hannunka ya kai ka wurin tauraron ba, sai ka haɗa da taswira. Na biyu The Cambridge Double Star Atlas, shi taswira ce ta sama duka wadda Wil Tirion ya zana, bugun farko 2009 tare da James Mullaney, na biyu 2015 tare da Bruce MacEvoy mai tagwaye wajen 2500. In ɗaya kawai za ka iya saye ni shi zan ce, saboda ga taswira ga tebur wuri guda. Na uku Turn Left at Orion na Guy Consolmagno da Dan Davis, wannan ba na tagwaye zalla ba ne amma ga sabon shiga babu kamarsa, yana zana maka abin da za ka gani a ɗan madubin saiti da abin da za ka gani a ido, ya ce tashi daga wannan tauraro ka bi nan.

Na faransanci akwai na Paul Couteau, L'observation des étoiles doubles visuelles, 1978, mutumin ya yi rayuwarsa yana awon tagwaye a gidan kallon taurari na Nice. Littafi ne mai daraja amma lissafi ya yi masa yawa, na mai son awo da lissafin kewayawa ne, ka bar shi sai gaba.

Abin da ya fi sunan littafi muhimmanci shi ne ka iya karanta teburin, don duk iri ɗaya suke. Lamba uku za ka duba. Ta farko tazara tsakaninsu, ana auna ta da sakan na kusurwa: digiri ɗaya minti 60, minti ɗaya sakan 60, farin wata cikakke faɗinsa wajen rabin digiri ne wato sakan 1800. Albireo naka sakan 35 ne shi ya sa ya rabu maka cikin sauƙi. Ta biyu haske, wanda suke rubuta mag, kuma a juye yake, ƙaramar lamba ita ce mai haske, bambancin 5 na nufin ɗaya ya fi ɗaya haske sau 100. Albireo 3,1 da 5,1 ne. Ta uku PA, wato gefen da ƙaramin yake, ana ƙirgawa daga arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270.

Ko naka ya isa? Ya isa ƙwarai. Akwai ƙa'idar wani bature Dawes, ka raba 116 da faɗin bakin gilashin a milimita, naka 116 raba 70 ya ba da wajen sakan 1,7, wannan ce iyakarsa in taurarin biyu haskensu ɗaya kuma iska ta kwanta. A aikace ka tsaya daga sakan 4 zuwa sama tukuna. Girman da ido ke bayarwa kuma 700 za ka raba da lambar idon, 20mm sau 35, 10mm sau 70, 4mm sau 175. Wannan na ƙarshen ya zarce ƙarfin gilashinka don iyakarsa wajen sau 140 ce, dishi dishi kawai zai ba ka.

Almajirin Garin Malam

Masha Allah, Allah ya ƙara basira yaro. Mushe ya yi bayani mai gamsarwa, Allah saka. Ni abin da zan ƙara, kafin littafin turawa ya iso hannunka akwai wani da ke hannun malamanmu tun kaka da kakanni, wato manazil, masaukan wata 28 da ake lissafin damina da rani da su, kowanne kwana 13 ban da Jabha mai 14, ka haɗa ka ga 365. Suna cikin Suratu Yasin aya ta 39. Kuma don Allah kar wani ya haɗa wannan da duba, wannan sanin lokaci ne da halittar Ubangiji. Wani ɗana da ke karatu waje ya zo da teleskop hutun bara muka zauna ni ina nuna masa manzili da yatsa shi yana saitawa, abin mamaki da yawansu tagwaye ne ban taɓa sani ba shekara talatin ina kallonsu.

Yanzu haka Sharaɗaini na gabas bayan isha'i, ƙahonin Hamal, wato rukunin Rago. Mafi ƙanƙanta cikinsu wanda littafan ke kira Mesarthim ko gamma Arietis, in ka duba biyu ne farare tas girmansu ɗaya, kamar idon kyanwa cikin duhun zaure, tazararsu sakan 7 da rabi. Ya ce min wani Robert Hooke ne ya gano haka a 1664 yana bin tauraro mai wutsiya. Sa'adu Zabihi kuma na kudu maso yamma, na samansa mai ido lahiya zai raba shi biyu ba tare da komai ba, sai dai su ba ƴan uwan juna ba ne layi ne kawai ya haɗa su, ɗaya ya fi ɗaya nisa nesa ba kusa ba. Idan sanyi ya shigo Zira'a za ta hito da wuri, kawuna biyu, na arewa Castor shi ma biyu ne. Can gaba kuma Jabha, a ciki akwai Algieba, ka ji sunan ma namu ne aka lanƙwasa, biyu ne masu launin zuma. Da damina Zubana da Iklil, duk tagwaye masu sauƙi.

Wanda na fi so shi ne na Banatu Na'ash a arewa. Na tsakiya a jelar, Mizar, yana da ɗan ƙarami gefensa da Larabawa ke kira Suha suna gwada ƙarfin ido da shi, har suna da karin magana wai ina nuna mata Suha tana nuna min wata. Da teleskop sai ka ga Mizar ɗin kansa ya sake rabuwa biyu sakan 14. Wannan sai ka jira, daga watan Maris yake kyau da dare, ko ka tashi kafin asuba cikin sanyi. Abdurrahman as-Sufi ya rubuta Suwarul Kawakib tun shekara ta 964 miladiyya, sunaye da yawa da za ka gani a taswirar turawa daga larabci suka samo asali, saboda haka kar ka ɗauka baƙon ilimi ne.

Ƴar Jami'a

Sannunku. Mushe ku yi haƙuri ni ban goyi bayan ya fara da odar littafi ba, na taɓa yi ta hannun wani na jira wata huɗu ga kuɗin aike ya kusa kai na littafin, kafin ya zo Albireo ya faɗi yamma hazo ya rufe gari. Ɗan uwa ka sa Stellarium a wayarka yau ɗin nan, akwai faransanci, ka sa masa Zinder, har ma yana da tsarin manazil na Larabawa da Malam ya ambata sai ka zaɓa a wurin al'adun sama. Lambobin kuma duk waɗannan littafai daga rijiya ɗaya suke ɗiba, kundin WDS na gidan kallon taurari na sojan ruwan Amurka a Washinton, tagwaye sama da 150000 ne a ciki. Akwai wani shafi Stelle Doppie da ya sauƙaƙa shi, sai ka ce masa ba ni na rukuni kaza masu tazara sama da sakan 5 da hasken da bai wuce 7 ba ya jero maka. Ranar da rezo ke da kyau ka kwafe ashirin a kaye da bik, ka samu littafinka na wata guda.

Kuma akwai abin da littafi ba ya iyawa, tagwayen gaske suna kewaya juna, lambar da aka buga tana tsufa. Misali Alfa Centauri, mafi kusa da mu cikin taurarin da ido ke gani, tafiyar haske shekara 4 da ƴan watanni, suna gama kewaye cikin shekara 80. Wajen 1980 tazararsu ta kusa sakan 22, zuwa 2016 ta sauko sakan 4, yanzu tana sake buɗewa. Haka Porrima da ke cikin Awwa, kewayenta shekara 169, a 2005 sun matse har ƙasa da rabin sakan ƙananan teleskop suka daina raba su, yanzu sun wuce sakan 3. To in ka samu tsohon littafi irin na Webb na 1859 da ke kyauta a intanet, ko Burnham mai juzu'i uku na 1978, ka ji daɗin bayaninsu amma ka duba shekarar da aka yi awon.

Wani abu da ke min daɗi, mu a Damagaram muna wajen digiri 14 arewa, saboda haka muna ganin abin da mutumin Paris ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Alfa Centauri na hawa digiri 15 bisa ƙasa ta kudu, Acrux na gindin Croix du Sud digiri 13, shi ma biyu ne sakan 4. Daga Afrilu zuwa Yuni suke da dare. Na gansu bara a hanyar Mirya bayan ruwan farko ya wanke ƙura, mun hau wani dutse ni da ƙannena biyu, Alfa Centauri na ta rawa don ya yi ƙasa amma ana ganin biyun sarai, rawaya rawaya masu haske kamar fitila. Littafan da aka rubuta don Turai kaɗai sukan tsallake su, in za ka saye ka tabbata ya haɗa da saman kudu.

Mushe Fizik

Maganarki gaskiya ce ƴata, ban musa ba, musamman ta tsufan lambobi. Abin da ya sa nake son takarda, hasken waya na kashe ido, sai ka yi minti ashirin kafin ido ya sake sabawa da duhu, ga caji. In da waya za a yi a kunna jan haske na dare a rage shi ƙasa. Ni tocila nake ɗaure wa jar leda ninki biyu in karanta taswira.

Abban Sabon Gari

Ni jimel kawai gare ni 10x50 na zuwa gona, akwai abin da zan gani ko sai teleskop?

Ƴar Jami'a

Akwai Baba. Mizar da Suha, Zubana mai tazarar kusan minti 4, biyun Sa'adu Zabihi duka, da epsilon na Lyre da ke dab da Vega. Ku dai jingina gwiwar hannu bisa katanga ko ku ɗora jimel ɗin kan buhu don rawar hannu ce ke ɓata komai. In ya tsaya cak har Albireo yana rabuwa da ƙyar.

Ɗan Zango

Jama'a na gode Allah ya bar zumunci, na dawo da labari. Daren jiya na bi layin Vega da Altair yadda Mushe ya ce, minti biyar ban yi ba sai ga shi, har na yi kabbara da ƙarfi maƙwabcinmu ya leƙo. Daga nan na juya gabas na nemi Sharaɗaini, Malam wallahi kamar yadda kuka faɗa, da 20mm kamar ɗaya ne mai ɗan tsawo, da na sa 10mm sai ga idanu biyu farare ɗaya bisa ɗaya da ɗan baƙin zare tsakaninsu. Na sayi kaye na zana da'ira da bakin kofin shayi na ɗiga su a ciki na rubuta kwanan wata da lokaci da idon da na sa. Na kuma samu Almach da Stellarium, ya yi kama da Albireo amma sun fi matsewa.

Matsala biyu. Epsilon ɗin nan na kusa da Vega na ga biyu, amma shafin ya ce kowanne cikinsu ma biyu ne, na sa 4mm ban ga komai ba sai abu na ta ɓalɓal kamar ana kallonsa ta cikin ruwan zafi. Sannan PA ɗin ban gane ina ne arewa a cikin idon ba don komai a juye yake. Littafin kuma na yanke shawara zan tara kuɗi in sa a taho min da na Cambridge ɗin, kafin nan ina cika kayena.

Mushe Fizik

Madalla, Almach kusan sakan 10 ne, ka yi ƙoƙari. PA abu ne mai sauƙi: saita tauraron a tsakiya ka saki teleskop kar ka taɓa, za ka ga yana tafiya da kansa har ya hita, gefen da ya hita nan ne yamma, sa alama a da'irarka. Don sanin arewa ka ɗan tura bakin teleskop wajen tauraron arewa, wanda a nan yake digiri 14 bisa ƙasa, gefen da sabbin taurari ke shigowa nan ne arewa. Gwada da Mesarthim don su kusan arewa da kudu suke tsaye. In kana sa ɗan madubin nan mai lanƙwasa kafin ido, hagu da dama na musanya, shi ya sa kake ganin ya saɓa da taswira.

Epsilon kuwa ka taɓo mai wuya. Manyan biyun sakan 208 ne tsakaninsu, amma kowanne ƴaƴansa sakan 2 da ɗan abu ne kawai, dab da iyakar gilashinka. Ɓalɓal ɗin da ka gani ba laifin teleskop ba ne kaɗai, soro da bango da kwanon rufi sun sha rana wuni guda, da dare suna fitar da zafi iska na motsi a gaban gilashin. Ka hitar da shi waje minti talatin kafin ka fara ya huce, kar ka saita ta bisa rufin kwano ko inda ake girki, kuma ka rataya galan na ruwa a tsakiyar ƙafafun don ya daina rawa. Duba cikin kwalin ko akwai wani bututu da aka rubuta Barlow 2x, in akwai haɗa shi da 10mm ya ba ka sau 140, ya fi 4mm ɗin nan nesa. Ka gwada da an sallame magariba lokacin Vega na sama sosai, kar ka bari sai ta gangara, kuma ka yi sauri cikin makonnin nan kafin buji ya taso. In bai rabu ba ka rubuta a kaye cewa bai rabu ba da yanayin daren, ka sake gwadawa wani dare. Ran asabar in Allah ya kai mu ina hita da ɗalibaina bayan gari ta hanyar Tanut da nawa mai 90mm, in kana so ka taho da naka da kayen mu jera su mu gwada epsilon ɗin tare, atlas ɗina ma na nan sai ka duba shi kafin ka kashe kuɗinka.